Allurar ciwon hanta a ranar haihuwa: me ya sa ba a jira sai bayan suna?

Ƙa'idar rigakafi ta Najeriya ta ce duk jaririn da aka haifa a yi masa allurar ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 na farko. In ta wuce, ana karɓarsa har kwana 14, amma ƙarfin kariyar yana raguwa ne da kowace rana. Daga nan sai allurar Penta, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar har da ciwon hanta nau'in B, a sati 6, 10 da 14. Tun 2004 wannan rigakafi yake cikin jadawalin ƙasa, Penta kuma ta shigo a 2012. Kyauta ce a asibitocin gwamnati.

A Unguwar Rogo ko Gangare da ke Jos, inda har yau mata da yawa a gida suke haihuwa, za ka ji kaka ta ce, "Haba, jinjiri ɗanye shataf! A bari a yi suna, ai garkuwar uwarsa na jikinsa." Maganarta da ƙanshin gaskiya. A watanni uku na ƙarshen ciki, sinadaran garkuwar uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jinin ɗa, su tsare shi na 'yan watanni. Sai dai aron riga ne, ba ya daɗewa. Wani lokaci ma sukan tare rigakafin kafin jikin yaro ya koyi yin nasa. Shi ya sa ake jinkirta allurar ƙyanda sai wata 9, kuma a ƙasashen da ke yin rigakafin ciwon hanta nau'in A, sai yaro ya shekara ake fara masa.

Nau'in B kuwa daban yake. Ko uwa ta taɓa yin rigakafi garkuwarta ta yi yawa, abin da kawai kan faru shi ne jikin wasu jarirai ya ɗan yi nawa bayan allurar farko. Da zarar an cika sauran, kusan dukkansu sukan sami kariya. Uwar da ke ɗauke da cutar kuma, ita ce abin tsoron, don ba ta da garkuwar da za ta ba ɗanta, ƙwayar cutar ce ma ke iya kama shi ta jini lokacin naƙuda. Jaririn da ya kamu a wannan lokaci, kusan tara cikin goma sukan rayu da ita har girma, wasunsu kuma ƙarshenta hanta ta ƙanƙance ko ta kamu da daji. Babba in ya kamu, da wuya ta zauna masa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ita, akasarinsu ba su ma sani ba. Wannan ne ya sa dokar ba ta ware ɗan kowa ba.

Idan gwajin awon ciki ya nuna uwa na da ita, likita na iya sa ta kan maganin tenofovir daga sati 28 in ƙwayar ta yi yawa a jininta, jariri kuma a ƙara masa allurar garkuwa ta HBIG a ɗaya cinyar. Ita wannan saye ake yi, kuma da tsada, don haka maigida ya nemo ta tun kafin naƙuda. Shayarwa ba ta da laifi.

Abin da ya fi damuna shi ne a kai jariri asibiti ma'aikata su ce "ku dawo ranar rigakafi". Kwalbar BCG, allurar rigakafin tarin fuka, ce ake zubarwa awa shida bayan buɗewa, shi ya sa ake tara yara. Ta ciwon hanta tana iya kai kwana 28 a firji bayan an buɗe ta, saboda haka babu hujjar a haɗa su jira ɗaya. Mai jego ba sai ta fita ba. Angon ƙarni ko gwaggon jariri su naɗe shi da kyau saboda sanyin Jos, su kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, su tabbatar an rubuta kwanan wata a katinsa.