Masu asma, dan Allah ku rika leka ramin inhelar ku

Salamu alaikum jama'a. Hunturu ya shigo kura ta tashi, kusan kullum a wajen aiki sai wani ya miko min inhela, wato abin fesa maganin asma a baki mai dan gwangwani a cikin roba, yace wlh ta daina aiki, jabu aka sayar masa a kemis. Akwai jabu kam, amma sau da yawa in na zare gwangwanin na leka cikin robar sai in tarar dan ramin da maganin ke fitowa ya toshe da farin gari.

Wannan dan ramin kuwa shine rabin aikin. Ventolin, shudiyar nan, maganin a cikin gwangwani yake gauraye da wani ruwa mai matsi, shi yasa ake cewa a girgiza tukun, kana dannawa zata auno maikirogiram 100 ta turo shi ta ramin, ramin ne ke tarwatsa shi ya zama hazo. Kananan kwayoyin hazon da basu wuce maikiron 5 ba (ma'aunin abu ne mai kankanta sosai) su ke gangarawa huhu, manyan a makogwaro suke makalewa ka hadiye su da yawu, kirjin kuma yana nan yana kuka. To ramin da ya toshe feshinsa ba karfi, wani lokacin ma a karkace yake fita.

Ita shudiyar, duk sati ka cire gwangwanin, shi kar ya taba ruwa, ka wanke robar da ruwan dumi ka barta ta kwana ta bushe sarai. Kuma iyaye mata masu daukar gwangwanin wannan su cusa a robar waccan don ta yaro ta bata, a daina, kowane kamfani da girman raminsa.

Sai maganar gudu. Feshin da gudu yake fitowa, in baka hada dannawa da jan numfashi a hankali ba ya daki bayan makogwaro kenan. Ga yara da tsofaffi sifesa ce mafita, wato bututun da ake jonawa a bakin inhela, hazon ya dan tsaya a ciki ya rage gudu sannan a shaka. In babu, likitoci a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada gorar ruwa ta roba mai mililita 500, wato rabin lita, an huda gindinta daidai bakin inhelar, kuma tayi aiki. Kawo gorar mu nuna maka yadda ake hudawa. Bayan ka shaka ka rike numfashi kamar dakika 10.

Masu irin wadda maganinta busasshen gari ne kuwa, Turbuhaler ko Accuhaler, naku daban ne, babu abin da ke turo maganin sai numfashinka, don haka da karfi zaka zuka, kuma kar ka hura a ciki don danshi na dunkule garin, ita ba'a wanke ta da ruwa ko kadan.