Waiwaye: Yadda ƙafa ta ruɗi masana kan tsakar hamadar Namib

A shekarar 1908 wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Suwidin, Lars Gabriel Andersson, ya bayyana wata ƙaramar tsaka da aka samo daga yankin da yanzu ake kira Namibiya, wanda a lokacin yake hannun Jamusawa 'yan mulkin mallaka. Ƙafafunta ne suka ɗauke masa hankali: wata siririyar fata ta haɗe yatsunta kamar na agwagwa. Ganin ba ta yi kama da kowace tsaka ba, sai ya ware mata rukuni nata ita kaɗai, Palmatogecko, wato tsaka mai haɗaɗɗun yatsu, ya kuma raɗa mata rangei don karrama Bajamushen masanin duwatsu Paul Range.

Sunan ya daɗe, kusan ƙarni guda. Sai a 2005 wasu masana biyu, Aaron Bauer da Trip Lamb, suka binciki ƙwayoyin halittar tsakokin kudancin Afirka, suka gano ashe 'yar gida ce a cikin Pachydactylus, rukunin tsakoki masu kaurin yatsu da aka sani tun 1834. Zaman rairayi ne kawai ya sauya mata ƙafa. Da wannan fata take tafiya a kan tudun yashi ba ta nutsewa, da ita kuma take haƙa ramin da take ɓuya a ciki in rana ta take. Tun daga nan ake kiran ta Pachydactylus rangei, kodayake har gobe akwai masu kiwon ta da bakinsu bai saki tsohon sunan ba, kuma ban ga laifinsu ba, ya fi bayyana kamanninta.

Mazauninta shi ne hamadar da ta bi gaɓar tekun Atlantika, daga kudancin Angola, ta ratsa Namibiya, har zuwa Richtersveld a Afirka ta Kudu. Ruwan sama ba ya yawa a can, don haka takan lashi danshin hazon teku da ya taru a jikinta.

Gane ta ba wuya. Tsawonta har jela bai fi santimita 13 ba, fatarta ja-ja ce mai haske, har ana hango kayan cikinta. Idanunta manya ne, ba su da fatar ƙiftawa, da harshe take share su. A 2021 kuma masu bincike daga Jamus suka nuna cewa gefen cikinta da kewayen idanunta na walƙiya da launin kore idan aka haska ta da hasken UV, wani nau'in haske da idon mutum ba ya gani.