Ziyarar gidan tarihin ƙaramin gari: tambayoyi da amsoshi

Su wane ne ke riƙe da irin waɗannan wurare?

Mutanen garin ne da kansu. Sukan kafa ƙungiya don kada tarihin wurinsu ya bi ruwa, kuma galibinsu 'yan sa-kai ne: malaman da suka yi ritaya, tsofaffin ma'aikata, da masu bin diddigin salsalar danginsu. Da kuɗin rajistar mambobi da gudummawar jama'a ake tafiyar da aikin, wani lokaci hukuma ta ɗan tallafa. Abin ba yau ya fara ba. A garin Spalding na Ingila, wani lauya mai suna Maurice Johnson ya kafa irin wannan ƙungiya a 1710, kuma har gobe tana da gidan tarihi da laburarenta. A Amurka kuwa, ta jihar Massachusetts da aka kafa a Boston a 1791 ce ta fari, sannan ƙananan garuruwa da gundumomi suka bi sahu.

Me zan tarar a ciki?

Kada ka sa ran kambin sarauta na zinare. Abin da za ka gani kayan rayuwar yau da kullum ne: garma, keken ɗinki, ma'aunin ɗan kasuwa, rigar amarya, littafin kiran sunan ɗalibai, hotunan titi kafin a zuba masa kwalta. Sau da yawa ginin ma kansa kayan tarihi ne, tsohuwar tashar jirgin ƙasa ko makaranta ko gidan wani attajiri. A ganina darajar wurin ke nan. Babban gidan tarihi na birni yana ba da labarin ƙasa, shi kuwa wannan yana nuna maka yadda yaƙi ko zuwan layin dogo ko rufe masana'anta ya shiga gidajen mutanen da aka san sunayensu.

Akwai wasu lambobi da ake rubutawa jikin kaya. Mene ne amfaninsu?

Wannan tambaya ce da 'yan ziyara kaɗan ke yi, alhali mabuɗin wurin ke nan. Gidajen tarihi da yawa suna amfani da lamba mai kashi uku. Idan ka ga 1987.12.3, ma'anarsa kayan sun shigo a 1987, cikin kyauta ta 12 da aka karɓa a shekarar, kuma shi ne abu na 3 a cikin kyautar. Lambar tana kai ka ga rajista, inda aka rubuta wanda ya bayar, da inda ya samo, da abin da ya faɗa a kai. Don haka in wani abu ya ja hankalinka, kwafe lambar ka nuna wa mai kula da wurin. Sau da yawa labarin da ke cikin fayil ya ninka na ɗan katin da ke jikin gilashi.

Duk abin da suka mallaka ne ake bajewa?

A'a. Mafi yawa yana ɗakin ajiya: wasiƙu, taswirori, takardun filaye, rajistar maƙabarta, tsofaffin jaridun gari, da faifan hirar da aka yi da dattawa. Mai son ganin waɗannan sai ya tuntuɓe su tun kafin ranar, ya faɗi sunan iyali ko unguwa ko shekarun da yake nema, domin a ciro masa akwatunan. A ɗakin karatu fensir ake rubutu da shi, saboda tabon tawada ba ya fita daga takarda.

Me ya sa ake rage haske, kuma a hana taɓa kaya?

Haske yana kashe launi, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Shi ya sa ake riƙe hasken da ke kan yadi da takarda a wajen luks 50, a ma'aunin ƙarfin haske. Laima tana jawo fumfuna da tsatsa, bushewa mai tsanani kuma tana tsattsage katako da fata. Gumin hannu yana barin shaida a kan ƙarfe da hoto, don haka su da safar hannu ake ɗaukarsu. Takarda kuwa an fi son a riƙe ta da hannu wankakke busasshe, don safa tana rage jin yatsa har a yage shafi. Game da ɗaukar hoto, tambaya tukuna.

Zan iya gaskata duk bayanin da aka rubuta?

Ka karanta da natsuwa. Wani bayanin daga takardar shaida ya fito, wani kuma labarin baka ne da jikoki suka kawo tare da kayan. Tambayi mai yi maka rakiya, "Daga ina aka san wannan?" Ƙwararre ba zai ji haushi ba, murna ma zai yi. Sannan ka lura da waɗanda babu su. Iyalan da ke da soro da akwatuna su ne suka adana kaya, amma barori da 'yan ƙwadago da baƙin da suka zo ci-rani kusan ba su bar komai ba. Ƙungiya mai gaskiya takan yarda da wannan giɓi, ta kuma nemi cike shi da hira da zuriyarsu.

Yaushe ya kamata in je?

Tabbatar da lokacin buɗewa kafin ka kama hanya, don wasu kwana ɗaya ko biyu kawai suke buɗewa a mako. Ranar 18 ga Mayu, wadda aka ware tun 1977 a matsayin ranar gidajen tarihi ta duniya, wurare da dama sukan shirya taro na musamman.

Ina da kayan gado. In kai musu?

Yi musu magana tukuna, kada ka ajiye a bakin ƙofa ka tafi. Ba komai suke karɓa ba, sai abin da ya shafi garin kuma suke da wurin ajiye shi. In sun karɓa, za ka sa hannu a takardar kyauta, mallaka ta koma hannunsu, kuma ba dole ba ne a baje shi. Kafin ka miƙa hotuna, zauna da dattijon gidanku ya faɗa maka sunayen waɗanda ke ciki da wurin da shekarar, ka rubuta a takarda daban ka haɗa.