Daga Turke Ko Daga Masai: Ina Gudawar Yara Take Fitowa?

In yaro ya kamu da gudawa a gidan da ake kiwo, ba dabbobin ba ne sanadi?

Ba kullum ba. A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, akuya tana kwana a tsakar gida, maraƙi yana ɗaure kusa da rijiya, shi ya sa zargi yake saurin faɗawa kansu. Ƙwayoyin cutar hanji biyu da ake yawan magana a kansu, Giardia da Cryptosporidium, suna zama a cikin mutum, suna kuma zama a cikin dabba. Sai dai in aka ɗora kashin yaro da na maraƙi a ƙarƙashin madubin likita, ƙwayoyin yaron da na maraƙin kamarsu ɗaya. Ido ba zai raba su ba.

To ta yaya ake rabawa?

Da gwajin ƙwayar halitta. Ana tsamo DNA ɗin cutar, wato sinadarin gadon halittarta, daga kashin, a ninninka wani ɗan yanki nasa da na'urar PCR har ya yi yawan da za a iya karantawa, sannan a gwada shi da waɗanda aka riga aka sani. Kamar shaidar da makiyayi yake yi wa saniyarsa ce: a nan ake gane garken da ta fito.

Giardia tana da rukuni 8, daga A zuwa H. C da D na karnuka ne, E na shanu da tumaki da awaki, F na kyanwa. A da B su ne suka fi kama mutum, kuma ana samunsu a wasu dabbobin. Cryptosporidium kuwa, nau'in hominis kusan na mutane ne zalla, parvum shi ne yake yawo tsakanin 'yan maruƙa da masu kiwonsu. Ko shi parvum ɗin yana da reshe mai suna IIc wanda a tsakanin mutane yake yaɗuwa, kuma an sha samunsa a jikin yara a Afirka, har da Najeriya.

An taɓa ganin gwajin ya wanke dabbobi?

An gani. A 1993 Cryptosporidium ta shiga ruwan famfon birnin Milwaukee a Amurka, mutum wajen 400,000 suka kwanta. Da farko har da shanu aka zarga. Da aka gwada ƙwayoyin daga baya, sai aka tarar nau'in mutane ne.

In irin na yaro da na akuya sun zo ɗaya, shi ke nan akuyar ce ta sa masa?

A'a. Wataƙila kududdufi ɗaya suka sha su biyun, wataƙila ma akuyar ce ta kwasa a bayan gari inda mutane suke bahaya. Gwajin ba ya faɗin wa ya riga wa.

Me ya shafi mai gida?

Inda zai kashe kuɗinsa. In nau'in mutane ne, masai da sabulu ake nema, abin da ya sa shelar 2022 ta cewa Jigawa ta daina bahaya a fili take da muhimmanci. In na maruƙa ne, a nisanta turke da bakin rijiya, mai tatsa ta wanke hannu kafin ta ɗauki jariri. Sinadarin kulorin da ake tsabtace ruwa da shi ba ya kashe Cryptosporidium yadda ya kamata, sai an tafasa ruwan.