Injin Tsohuwar Mota Mai Juyawa Amma Ya Ƙi Tashi

Wannan matsala ce da ake samu idan direba ya murɗa makulli, sitata ta juya injin sarai, amma ya ƙi kamawa. Ta bambanta da motar da ta yi shiru ko take "ƙas-ƙas" kawai, wadda laifinta yawanci na batir ne ko sitata. Tun da injin yana juyawa, abin da ya rage a bincika huɗu ne: tartsatsin wuta, mai, daidaiton lokacin wutar (taimin), da matsin iska a cikin silinda.

Tsohuwar mota a nan ita ce mai kafireto, wanda ke gauraya fetur da iska, da distiributa, mai rarraba wuta ga filogi. A cikin 1996 ne Amurka ta wajabta tsarin OBD-II da ke ba kwamfuta damar nuna inda ciwo yake. Injin da ya riga wannan zamani, ido da kunne da hancin bakanike ne ke gano cutarsa.

Duba batir da sauraron juyawar injin ake fara yi. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba yayin da sitata ke aiki, domin idan ya sauka, kwayil, wanda ke ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa filogi, ba zai samu abin da zai ishe shi ba. Idan kuwa injin yana juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, babu nauyi, to alamar rashin matsi ce, galibi bel ɗin taimin, mai daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ya tsinke.

Daga nan sai wuta, inda akasarin laifin kan ɓuya. Tsarin kwayil da kwantak da Charles Kettering ya ƙirƙira ya shiga motocin Cadillac a 1910, kuma shi aka ci gaba da amfani da shi har shekarun 1970. Kwantak, ɗan makunnin da ke cikin distiributa, na buɗewa ya katse wutar batir, kwayil ya mayar da ita dubban bolt, rota mai juyawa a cikin distiributa ta rarraba wa filogi. Ana cire filogi ɗaya, a maƙala masa wayarsa, a jingina jikinsa da ƙarfen injin, wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ne lafiyayye. Ja-ja mai rauni ba ya kunna mai a ƙarƙashin matsi. Ba a riƙe wayar da hannu tsirara. Idan babu wuta, sai a buɗe hular distiributa a duba tsagewa, danshi, ko baƙin layin da wuta ke bi ta zurare. Bakin kwantak kan ƙone ko ya haɗe, alhali tazararsa a injuna da yawa kusan milimita 0.4 ce. Nan ma ake lura ko rota tana juyawa. Idan ta tsaya cik, abin da ke juya ta ne ya katse.

Filogin da aka cire shi ma shaida ne. Idan ya jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai bisa nauyi, kuma yawan taka totur kan shaƙe shi. Maganinsa a danne totur har ƙasa a riƙe, a juya injin iska ta wanke silinda. Idan filogin a bushe yake, sai a cire matatar iska a leƙa maƙogwaron kafireto a ja totur da hannu: ya kamata a ga fetur ya feso. In bai feso ba, a bi layin baya zuwa filta, famfon mai da tanki. Fetur da ya daɗe a ajiye kan yi danƙo ya toshe ƙananan ramuka.

Idan akwai wuta da mai amma injin sai tari da harbi ta kafireto, taimin ne ya goce, ko an sauya wayoyin filogi. Yawancin injuna masu silinda huɗu a jere suna bin tsarin 1-3-4-2.

Awon matsi ne na ƙarshe domin shi ke buƙatar na'ura. Silindu biyu maƙwabta da suka nuna ƙarancin matsi tare kan nuna gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Idan kuma an zuba ɗan baƙin mai a silinda awon ya tashi, ringin fistin ne ya cinye. In bai motsa ba, sai a koma kan bawul.