Yadda ake sukar kiɗan kwamfuta a gasar masu koyo: tambayoyi da amsoshi

Wace irin gasa ce wannan, kuma a ina ake yin ta?

Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu matasa a Turai, musamman a Finlan, Suwidin, Denmak da Jamus, suka ɗauki al'adar taruwa domin nuna abin da suka iya sa kwamfuta ta yi: zane, hoto mai motsi da kiɗa. Sunan harkar demoscene. Yawancinsu ba makaɗan sana'a ba ne, ɗalibai ne da ma'aikata da ke haɗa kiɗa da dare a ɗakunansu. Taron Assembly na Finlan ya fara a 1992, har yau ana yin sa a Helsinki. Na Revision kuwa a garin Saarbrücken na Jamus ake yi tun 2011, a lokacin hutun Ista. Harkar ta yi ƙarfin da Finlan ta sanya ta cikin jerin al'adunta na gado a 2020, Jamus ta bi sahu a 2021.

Tsarin gasar ba shi da wuyar ganewa. Kowa ya miƙa kiɗansa kafin wa'adi ya cika, masu shiryawa su tace idan ya yi yawa, a kunna wa jama'a a manyan sifiku, sannan mahalarta su kaɗa ƙuri'a. Akwai kuma waɗanda ake yi ta intanet, irin na Battle of the Bits, inda har gasar awa ɗaya ake yi: a ba ka kayan sauti, ka haɗa kiɗa cikin minti 60, ka miƙa.

Da me suke haɗa kiɗan?

Asalin kayan aikin wata manhaja ce da ake kira tiraka. Wani Bajamushe, Karsten Obarski, ya fito da ta farko a 1987 domin kwamfutar Amiga, mai suna Ultimate Soundtracker. Daga baya aka sami ProTracker a 1990, Scream Tracker 3 da FastTracker 2 a 1994, sai Impulse Tracker a 1995. Masu yi a yau suna amfani da OpenMPT, MilkyTracker ko Renoise.

A tiraka ba a ganin fiyano ko ganga. Abin da ke gabanka jadawali ne na haruffa da lambobi da ke gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Kowane shafi yawanci layi 64 ne, kowace hanyar sauti tana da nata gurbin, kai kuma kana rubuta wane sauti zai fito a wane layi, da wane ƙarfi. Amiga hanya huɗu kacal gare ta, wato sauti huɗu ne iyakar abin da zai iya fita a lokaci guda, kuma fayil ɗin kiɗanta, da ake kira MOD, guntun sauti 31 yake ɗauka. Kwamfutar Commodore 64 ma ta fi haka matsi, murya uku gare ta.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai suka shi ne fayil ɗin tiraka a buɗe yake. Duk wanda ya karɓa zai iya buɗewa ya ga kowane layi da mai kiɗan ya rubuta, ya kashe hanya uku ya saurari ɗaya ita kaɗai. Wanda aka ba shi wannan dama kuma ya ce "bai yi daɗi ba" ya yi shiru, gaskiya bai yi aikinsa ba.

Ba kunne ne ke yanke hukunci ba? Me ya sa sai alƙali ya san duk wannan?

Kunne ne, amma kunnen da ya san iyakar da aka yi aiki a cikinta. Idan aka ce gasar hanya huɗu ce, mai kiɗa zai raba ganga, bes (wato sauti mai kauri), karin waƙa da rakiya a gurabe huɗu. Shi ya sa ake jin wani sauti mai karkarwa a irin wannan kiɗa: sautuka uku ne ake juyawa da sauri a hanya ɗaya domin kunne ya ji kamar tare suke fita. Wanda bai sani ba zai ɗauka kuskure ne, alhali dabara ce. Haka nan Amiga tana tura hanya ta ɗaya da ta huɗu kunnen hagu gaba ɗaya, ta biyu da ta uku kunnen dama. Mai saurare da abin kunne zai ji kiɗan ya rabu gida biyu, kuma ba laifin mai haɗawa ba ne.

Sai dai sanin iyaka ba ya nufin yafe komai. Ina ganin kuskure ne a ce wa yaro "ai da hanya huɗu ka yi ƙoƙari" alhali karin waƙarsa ba ya zuwa ko'ina. Mutane sun yi abubuwan ban mamaki da hanya huɗun nan, kuma da tiraka aka yi kiɗan manyan wasannin kwamfuta irin su Unreal na 1998 da Deus Ex na 2000. Matsin kayan aiki uzuri ne ga ƙarancin tsabtar sauti, bai zama uzuri ga kiɗan da ba a yi tunani a kansa ba.

To me ya kamata mai suka ya fara saurara?

Saurare na farko a yi shi ba tare da kallon allo ba, daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Bayan ya ƙare ka tambayi kanka: akwai abin da ya maƙale min da zan iya rerawa? A ina hankalina ya fara tafiya wani wuri? Wannan wurin da hankali ya gudu, a rubuta daƙiƙarsa, domin kusan kullum nan ne matsalar take.

Matsalar da ta fi yawa wajen masu koyo ita ce maimaici. Mutum ya sami wani ɗan zagaye mai daɗi na daƙiƙa takwas, daɗin ya ɗauke shi, sai ya jera shi har minti huɗu yana ƙara ganga nan, yana cire ta can. Tiraka kanta tana jan mutum zuwa haka, tunda maimaita shafi bai wuce rubuta lambarsa a jerin ba. Idan ka buɗe jerin shafukan ka ga lamba ɗaya ta zo sau shida a jere, ka ga cutar da idonka. Maimaici a kansa ba aibi ba ne, kiɗan rawa da shi yake rayuwa. Tambayar ita ce ko wani abu yana canzawa a ƙarƙashinsa, ko kuwa kiɗan yana tsaye cik yana jiran lokaci ya cika.

Na biyu, dacewar sautuka. Guntayen sautin da aka tsinto daga wurare daban-daban sau da yawa ba a saita su a kan ma'auni ɗaya ba, sai ka ji bes da karin waƙa suna ɗan goga juna kamar mawaƙa biyu da ɗaya ya ɗan sauka ƙasa. Mai koyo da ya saurari kiɗansa sau da yawa kunnensa ya riga ya saba, ba zai ji ba. Wannan yana cikin manyan alheran da mai suka zai yi masa.

Na uku, ƙarfin bugu. Idan kowane bugun ganga da kowane sauti an bar shi a ƙarfi ɗaya, kiɗan zai fito a sandare. Ɗan ragewa a bugu na biyu, ɗan ja da baya a wani, shi ke sa a ji kamar hannu ne ya taɓa.

Sai a ƙarshe a zo kan haɗa sauti: ko ƙarar ta wuce iyaka har tana tsagewa, ko bes ya danne komai, ko shimfiɗar ta yi tsawo, ko kiɗan ya yanke ba sallama. Na ajiye wannan a ƙarshe da gangan. Shi ne mafi sauƙin gani, shi ya sa masu suka da yawa ke tsayawa a kansa su manta da ginin kiɗan. Gyaran haɗin sauti aikin yamma ɗaya ne, koyon yadda ake kai karin waƙa daga wani wuri zuwa wani kuwa yana cin shekaru.

Yaya ake gaya wa mutum kiɗansa bai yi ba, ba tare da an kashe masa gwiwa ba?

A faɗi wurin, a faɗi abin da aka ji, a faɗi abin da za a iya gwadawa. "Kiɗan yana da gundura" ba ya koya wa kowa komai. Amma idan ka ce daga minti ɗaya da rabi zuwa minti biyu da rabi karin bai canza ba, kuma a nan ne ka ji ka gaji, ka ba da shawarar a cire ganga na ɗan lokaci ko a ɗaga karin sama, mutumin zai buɗe fayil ɗinsa a daren ya gwada. Ko bai yarda da shawararka ba, ya san inda zai duba.

Yabo ma haka yake buƙatar adireshi. Idan shigowar bes a shafi na huɗu ta yi kyau, a ce ita ce ta yi kyau, domin mai koyo sau da yawa bai san wane ɓangaren aikinsa ne mai ƙarfi ba, yana iya goge shi a kiɗa na gaba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yabon tausayi. Wanda ya kwana yana jera lambobi ya cancanci a ɗauke shi da muhimmanci, kuma ɗaukar mutum da muhimmanci ya haɗa da gaya masa gaskiya. Ban yarda kuma da mai sukar da ke hukunta salo ba. Idan ba ka son kiɗan rawa mai sauri, ka faɗa tun farko cewa ba naka ba ne, sannan ka auna shi da ma'aunin masu yin sa.

Ƙuri'ar jama'a ba ta wadatar ba?

Tana nuna abin da ya burge zaure a wannan daren, kuma wannan ma ilimi ne. Amma tana da rauninta da 'yan harkar suka daɗe da sani. Mutane kan zaɓi sunan da suka sani ko abokinsu. Kiɗa mai ƙara da bugu yana cin riba a manyan sifiku, mai sanyi kuma yana ɓacewa cikin hayaniya. Wanda aka kunna bayan an ji goma sha biyar yana samun kunnuwan da suka gaji. Shi ya sa wasu gasanni ke ɓoye sunayen masu kiɗan har sai an gama zaɓe. Wanda ya zo na goma sha biyu bai san dalili ba idan lamba kawai aka ba shi. Layi biyar na sharhi sun fi masa wannan lambar amfani.

Aron sautin wani fa?

Tun farkon harkar ana ciro guntun sauti daga fayilolin juna, tunda a buɗe suke, kuma al'adar ita ce a rubuta inda aka samo a gurbin sunayen sautukan. Aron bugun ganga ɗaya daban, ɗauke karin waƙar wani ɗungurungum a ce naka ne daban. Na biyun yana iya sa a fitar da mutum daga gasa. Mai suka da ya yi zargi ya kawo hujja, ya nuna kiɗan da wurin, kada ya jefa magana a kan zato.

Wannan ya shafi masu haɗa kiɗa a ƙasar Hausa?

Ya shafa, duk da kayan aikin sun bambanta. Situdiyoyin Kano sun daɗe suna haɗa kiɗan waƙoƙin fim da fiyanon Yamaha, matasan yanzu kuma da yawa manhajar FL Studio suke buɗewa a kwamfutar tafi-da-gidanka. Matsalolin su ne dai: zagaye ɗaya da aka ja ya yi tsawo, sautukan da suka zo da manhaja da kowa ke amfani da su ba tare da ya taɓa su ba, gyaran murya da aka cika har mawaƙi ya daina kama da mutum. Akwai kuma abin da alƙalin Helsinki ba zai ji ba amma namu dole ya ji: Hausa harshe ne mai karin sauti, idan karin kiɗa ya hau inda kalma ke sauka, kalmar tana lalacewa a kunne. Duk wanda zai shirya irin wannan gasa a nan, ya nemi masu shiga su miƙa fayil ɗin aikin tare da kiɗan da aka gama, domin alƙalai su ga abin da mutum ya gina da hannunsa da abin da ya tarar a shirye.

Wanda aka soki kiɗansa, me zai yi da sukar?

Ya bar ta ta kwana kafin ya mayar da martani. Sannan ya duba inda bakin masu suka ya zo ɗaya: idan mutum uku da ba su san juna ba suka nuna minti na biyu, akwai abu a minti na biyu, ko da maganin da kowannensu ya kawo bai dace ba. Ra'ayin da mutum ɗaya ne kawai ya faɗa, yana da damar ajiye shi gefe. Kuma ya buɗe fayilolin waɗanda suka zo na ɗaya da na biyu, ya kashe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ga yadda suka bi da wurin da shi ya maƙale.