Kafin a shiga babban wurin wasa, a san wa ke riƙe da wa

Da an sauko daga Idi, ko an ba da dogon hutun makaranta, tambayar yara ɗaya ce: "Baba, yaushe za a kai mu wurin wasa?" A da Gidan Zoo na Kano shi ne ƙololuwar yawon Sallah ga yaran birni da na ƙauyukan kewaye. Yanzu iyalai kan cika mota su nufi Magicland a Abuja, wasu su gangara Hi-Impact Planet da ke kan hanyar Legas zuwa Ibadan, masu hali kuma su tashi Dubai su shiga Legoland ko Motiongate, ko su biya Al-Shallal a Jidda bayan sun gama Umara. A matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina murna da wannan. Yaro yana bukatar wasa, yana kuma bukatar ya ga iyayensa sun ware masa yini guda. Abin da nake so shi ne a tafi da yara lafiya a dawo da su lafiya, domin mu ne muke karɓar su a asibiti idan aka samu akasi, kuma mafi yawan abin da ke kawo su abu ne da za a iya tarewa tun daga gida.

Babban abin da ke jefa yaro cikin haɗari a irin waɗannan wurare shi ne kowa ya ɗauka wani yana kallon sa. Mu ba ma fita mu uku ko mu huɗu. Ga mai gida, ga uwargida da amarya, ga goggo, ga 'ya'yan maƙwabta da aka ce a tafi da su, ga 'yar aiki riƙe da jakar abinci. An shiga ƙofa, mai gida ya tsaya biyan kuɗi, iyaye mata suna ɗaukar hoto, manyan yara sun ruga layin lilo. Sai can wata ta ɗaga kai ta ce, "Ina Auta?" A ce mata, "Ai yana wajen Yaya." Yaya kuwa ta ce ita tun a mota rabon ta da shi. Manya shida ne a wurin, amma babu wanda aka ɗora wa yaron. Don haka tun kafin a fita daga gida a raba: wance ke da wane da wane, wane kai ke da wane. A faɗa da baki, yaron ya ji, babban ya amsa. Idan mai riƙon za ta shiga banɗaki ko za ta yi salla, ta damƙa yaron a hannun wani ta ce "ga shi nan na ba ka", shi kuma ya ce ya karɓa. Kuma don Allah a daina ɗora wa yarinya 'yar shekara goma rainon ƙannenta a cikin dubban mutane. Ita ma wasa ta zo yi, idonta na kan lilo.

Kowane ƙaramin yaro a rubuta masa lambar wayar uwa da ta uba a takarda a sa a aljihu, ko a rubuta da biro a damtsensa. A ɗauki hotonsa a bakin ƙofa da kayan da ke jikinsa a ranar, domin uwar da hankalinta ya tashi kan manta ko shuɗiyar riga ta sa masa ko koriya. A nuna masa irin kayan da ma'aikatan wurin ke sawa, a ce idan bai gan mu ba ya tsaya inda yake ya gaya wa mai irin wannan riga, kada ya bi kowa zuwa waje. Idan aka neme shi aka rasa, wajen ruwa za a fara dubawa kafin ko'ina.

Ruwa ne ya fi ba ni tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Mutane na zaton yaron da ke nutsewa zai yi ihu yana fantsama ruwa. Ba ya iyawa. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan numfashin da ya samu ba ya isar sa kira, cikin ƙasa da minti guda ya ɓace, alhali mutane na tsaye kusa da shi suna hira. Ko ruwan da bai kai gwiwar babba ba, ya isa ya kashe mai tatata. Ƙaramin yaro in yana cikin ruwa, babba ya kasance inda in ya miƙa hannu zai taɓa shi, wayarsa kuma tana cikin jaka. Balan-balan ɗin da ake hurawa a zura wa yaro a hannu ko a ƙugu kayan wasa ne, yana iya sacewa ko ya kife da shi. A nemi rigar ceto ta gaske daidai jikinsa. Mai gadin ruwa mutum ɗaya ne yana duban ɗaruruwa, ba zai maye gurbin uwa ba. In Allah Ya kawo tsautsayi aka ciro yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana juya shi kai ƙasa ko ana danna masa ciki wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a hura masa iska ta baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, wani kuma ya kira ma'aikatan wurin da motar asibiti: 112 a Najeriya, 998 a Dubai, 997 a Saudiyya. Ko da ya farfaɗo yana wasa, a kai shi likita ya duba huhunsa. Yaron da ke gudawa kuwa kada a sa shi a ruwan wanka na jama'a sam, akwai ƙwayar cutar zawo da kan yi kwanaki a raye a cikin ruwan da aka zuba wa sinadarin kulorin, yaro ɗaya sai ya rarraba wa duk wanda ya kurɓa.

Sai maganar alfarma. A bakin kowane babban lilo akwai sandar awon tsawo. Yaro ya tsaya, kansa bai kai layi ba, ya fashe da kuka, sai ka ji uba ya matso: "Haba malam, ka yi mana alfarma mana, daga nesa muka zo, ai ɗan kaɗan ya rage." Wata uwar har raɗa wa yaro take ya yi ɗage. Wannan awon ba don a wulaƙanta kowa aka sa shi ba. Ƙarfen da ke saukowa ya danne kafaɗa ko cinya an ƙera shi ne daidai wani girman jiki. Wanda bai kai ba, akwai sarari tsakaninsa da ƙarfen, kuma idan abin ya juya da gudu ta wannan sararin zai sulluɓe. Wanda ya wuce girman kujerar ma haka. A watan Maris na 2022 wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga wani dogon lilo mai sakin mutane daga sama a Orlando ta Amurka ya rasu. Bincike ya nuna nauyinsa ya zarce abin da masu ƙera na'urar suka ƙayyade, kuma an sassauta makullin kujerar da hannu don ta ɗauki masu jiki. Ma'aikacin da ya hana ɗanka hawa ya yi maka alheri. Wanda ya karɓi ɗan na goro ya ɗaga masa ƙafa, shi ne abin gudu, kuma wurin da ake yin haka a fita a bar musu. Bayan an zaunar da yaro, babba ya ja ƙarfen ko bel ɗin da hannunsa ya ji ya kulle. Na'ura ma takan gaza: a ƙarshen Yulin 2025 wani lilo ya karye biyu yana tsakiyar juyawa a wani wurin shaƙatawa a Ɗa'ifa, sama da mutum 20 suka ji rauni. In kun ga tsatsa ta ci ƙarfe, ko bel ya yage an ƙulla shi, ko wayar lantarki na kwance tsirara a ƙasa, ku wuce.

Suturarmu ma a duba ta. Duk mun san yadda mayafi ko dogon hijabi kan naɗe a tayar babur ya fizgo mace ƙasa. Ƙananan motocin tseren yara da duk abin da ke juyawa haka suke. Ba sai an cire lulluɓi ba. A sa gajeren hijabi mai kama fuska, a cusa bakinsa cikin riga, a bar gyale mai jela da babbar riga a mota. Takalmi mai kama ƙafa ya fi silifa.

Mai juna biyu, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mai ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, kada su hau masu fizga da juyi ko da yara sun nace. Mai farfaɗiya a kiyaye shi da ɗakunan da fitilu ke walƙiya, a kuma tabbata ya sha maganinsa. Mai asma abin shaƙarsa ya kasance a aljihun mai riƙonsa, kada a bar shi a mota can bakin titi. Masu sikila su ne na fi tausayawa a irin wannan rana, domin duk abin da ke tayar musu da ciwo yana nan: zafi, ƙishirwa, gajiya, sannan a fito daga rana a faɗa ruwan sanyi. Ba na ce a bar su a gida suna kallon 'yan uwansu na tafiya ba. A je da su, su riƙa shan ruwa a kai a kai, su huta a inuwa tsakanin wasa da wasa, a goge musu jiki a sauya kaya da zarar sun jiƙe, a riƙe maganin ciwonsu da katin asibitinsu.

A 'yan shekarun nan Sallolin biyu suna faɗowa tsakanin Maris da Yuni, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Dogon hutun Yuli da Agusta kuma shi ne tsakiyar zafin Dubai. Yaro in wasa ya yi masa daɗi ba ya cewa yana jin ƙishirwa, sai an bi shi da ruwa. Lemon kwalba da askirim ba sa maye gurbin ruwa. A lura da fitsarinsa: in ya daɗe bai yi ba, ko ya fito kaɗan ja-ja, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Jariri kuwa a duba maɗigarsa ko ta faɗa, a ƙara ba shi nono. In yaro ya yi laushi, yana ciwon kai ko amai, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa masa jiki ana yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. Fakiti ɗaya na ORS, wato garin haɗa wannan ruwa, a lita ɗaya na ruwa mai tsabta, kuma ba ya da nauyi a jaka. Amma in jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, wannan bugun zafi ne mai kisa. Farasitamol ba ya maganinsa, kuma ba a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. A ci gaba da sanyaya jikin ana hanyar asibiti. A tsara shiga da sassafe ko bayan la'asar. Kada a bar yaro yana barci a rufaffiyar mota, ko na minti biyar ne.

Cunkoso ma ya ci mana yara. A watan Disambar 2024 yara 35 suka rasu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan. In kun iso kun tarar ƙofa ɗaya ce, jama'a na turereniya, ku koma gefe ku jira ko ku dawo washegari. Ranar Sallah da kashegarinta su ne suka fi cika. In cunkoson ya rutsa da ku a ciki, a ɗaga ƙananan yara sama, kada a sunkuya ɗaukar takalmi ko waya, a bi inda jama'a suka nufa ana zamewa gefe a hankali.

Akwai shirin da ake yi makonni kafin tafiya, shi ne duba katin rigakafi. A watan Disambar 2014 ƙyanda ta ɓulla a Disneyland ta Kalifoniya, ta kama mutum 147 a Amurka, ta tsallaka Kanada da Meziko, kuma da yawan waɗanda ta kama ba su yi rigakafi ba. Ƙwayar ƙyanda kan zauna a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka shaƙa, tara za su kamu. Mai ita yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, wato yana cikin layi tare da ɗanka ana zaton mura ce. A Najeriya ana yin allurar ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15, kyauta a asibitin gwamnati. Uwa da yawa kan tsaya a ta farko. Masu fita ƙasar waje su tuna katin allurar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta, masu zuwa Umara kuma akwai ta sanƙarau. Yaron da ke zazzaɓi da tari da jan ido a bar shi a gida, ko an riga an sayi tikiti.

Bayan an dawo a sa ido. Yaron da ya bugu a ka, misali ya yi karo da wani a gidan tsalle na balan-balan, in ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko tafiyarsa ta sauya, a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya. Gudawa a fara ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, in da jini a ciki ko yaro ya ƙi shan komai a kawo shi. Zazzaɓin da ya zo da ƙuraje bayan mako ɗaya zuwa uku, a ware yaron daga sauran yara, a gaya wa ma'aikacin lafiya tun daga bakin ƙofa inda aka je da ranar da aka je, don kada a zaunar da shi a benci ɗaya da jariran da ba su kai wata 9 ba.